Takardar da Aka Mayar wa Kwanan Wata Baya: Martani kan Ɗa'ar Buga Binciken Likitanci

Maƙalar da aka buga a mujallar likitanci shaida ce. Likitan da ya rubuta ta yana faɗa wa 'yan uwansa likitoci cewa ya duba marasa lafiya kaza, ya ba su magani kaza, ga kuma abin da ya biyo baya. Masu karatu ba su je wurin ba, ba su kuma da hanyar komawa su gani da idonsu. Maganarsa suke ɗauka su yi aiki da ita a jikin mutane. Nauyin wannan amana ne ya sa aka gindaya wa masu bincike da editoci sharuɗɗa. Ba a fara bincike a kan ɗan Adam sai kwamitin ɗa'a ya duba ya amince. Ba a sa mutum a ciki sai da saninsa da yardarsa. Ba a ƙirƙirar alƙaluma, ba a kwasar aikin wani a ce nasa ne, ba a rubuta sunan wanda bai yi aiki ba. Ana bayyana wanda ya ba da kuɗin binciken, idan kuma ɓarna ta fito bayan bugu, sai a janye maƙalar a bainar jama'a.

Wani marubuci ya fito da ra'ayin cewa waɗannan sharuɗɗa sun yi wa ƙasa irin Najeriya yawa. Hujjarsa, idan aka tattara ta bisa adalci, ita ce an tsara dokokin ne a Landan da Janeba domin asibitocin da ke da ma'aikata da kuɗi da wutar lantarki. Likitan da ke Birnin Kudu ko Gwaram, wanda layin marasa lafiya ke jiransa tun sassafe har la'asar, ga kiran dare, ba shi da sukunin bin kwamiti wata da watanni, alhali ba za a yi masa ƙarin girma ba sai ya ajiye maƙalu a gaban hukuma. A ganin marubucin, takardar neman yarda ba ta da ma'ana ga mutumin karkara da bai yi boko ba, wanda dama ya riga ya miƙa kansa ga likita. Sa sunan maigida a maƙala ladabi ne. Aron 'yan jimlolin Ingilishi da daidaita 'yan alƙaluma ba su taɓa kashe kowa ba. Mujallun da ake kira na damfara su kaɗai suka buɗe wa ɗan Afirka ƙofa. Janye maƙala kuwa tozarci ne, rufin asiri ya fi.

Kukan nasa akwai gaskiya a ciki. Aiki ya yi wa likitocin arewa yawa, wasu kwamitoci na jan ƙafa, kuɗin bugu a manyan mujallu ana biyansa da dala, kuma tsarin ƙirga maƙalu kamar ana ƙirga buhuna yana tura mutane ga abin da bai kamata ba. Marubucin ya gane ciwon. Maganin da ya rubuta ne zai kashe majinyacin.

A fara da maganar cewa ɗa'ar bincike kayan aro ce, ta masu hali. Amsar wannan tana Kano. A 1996 annobar sanƙarau ta mamaye arewacin Najeriya, an ƙirga mutum sama da 109,000 da suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Ana cikin wannan hali, a watan Afrilu, ma'aikatan kamfanin magunguna na Amurka, Pfizer, suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda jama'a ke kira Asibitin Zana, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke ta fama da yara. Kamfanin ya zo da sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba shi lasisi a Amurka ba. Aka ɗauki yara 200, kimanin rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su ceftriaxone, sanannen maganin sanƙarau, amma a kan awon da bai kai wanda aka saba bayarwa ba. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da makanta, wasu da shanyewar jiki. Bayan kimanin mako biyu baƙin suka tattara nasu ya-nasu suka tafi, annoba na ci gaba.

Kamfanin ya tsaya kan cewa bai yi laifi ba. Ya ce ya sami izinin hukuma, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da baki kuma sun yarda, ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran ya kuma nakasa sauran, tunda dama abin da cutar ke yi ke nan. Iyaye da dama sun ce ba a taɓa gaya musu gwaji ake yi ba. To ina takardar da za ta raba gardama? Babu takardun yarda da iyaye suka sa wa hannu. Akwai dai wata wasiƙa ɗauke da kwanan watan Maris na 1996, mai nuna cewa kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya amince da gwajin, an kuma miƙa ta ga hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Bayan jaridar Washington Post ta tono labarin a watan Disamba na 2000, shugaban asibitin, Dakta Sadiq Wali, ya bayyana cewa a lokacin gwajin asibitin ba shi da kwamitin ɗa'a ko ɗaya. Likitan da aka ɗora wa jagorancin gwajin a Kano shi ma ya amsa cewa daga baya aka rubuta wasiƙar, aka mayar mata da kwanan wata baya. Kwamitin da babu shi ya zauna, ya duba, ya amince!

A 2001 gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi. Kwamitin ya yanke cewa gwajin ya saɓa wa dokar Najeriya da Yarjejeniyar Helsinki kan ɗa'ar bincike a kan ɗan Adam. Rahoton ya kwanta a ofis shekara biyar, sai a 2006 ya fito, shi ma ta hannun 'yan jarida. A 2007 gwamnatin Kano da ta tarayya suka shigar da ƙara. A 2009 aka yi sulhu da Jihar Kano kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a watan Agusta na 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala 175,000 kowanne, shekara 15 bayan an binne yaran. Trovan ɗin kansa an taƙaita amfani da shi a Amurka a 1999 saboda yana lalata hanta, Turai kuma ta dakatar da shi.

Duk abin da marubucin ke nema a sassauta, an sassauta shi a Kano a 1996. Lokaci ya ƙure, an tsallake kwamiti. Iyaye ba su yi boko ba, an tsallake takarda. Wa ya ci ribar sassaucin? Ba ɗan talakan da aka kawo a kafaɗa wuyansa a sanƙare ba. Attajirin Landan yana da lauya, yana da jarida, yana da likita na biyu da zai tambaya. Mutumin ƙaramin gari irin Wurno ba shi da ko ɗaya. Kwamiti da takarda da editan da zai ce "ina shaidar amincewa" su ne kaɗai katangarsa, kuma ita ce katangar da ake cewa a rushe domin a tausaya masa. Su kansu dokokin ba jin daɗi ya haife su ba. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 ta fito ne daga shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji a kan fursunoni. Yarjejeniyar Helsinki ta biyo baya a 1964. Dokokin Amurka sun tsananta bayan an gano a 1972 cewa an shekara 40 ana kallon ɗaruruwan baƙaƙen fata a Tuskegee suna fama da ciwon tunjere ba a yi musu magani ba, domin kawai a rubuta yadda cutar ke cin jiki. Kowace doka a cikinsu marasa galihu aka yi wa ita. Najeriya ma tana da nata kundin ɗa'ar binciken lafiya tun 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin ɗa'a na ƙasa ƙarfin doka. Wanda ya tsallake kwamiti a yau dokar ƙasarsa ya taka.

Hasarar ma ba ta tsaya kan yara 200 ba. A 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Jita-jitar cewa an gurɓata ɗigon ƙarya ce, amma ƙasar da ta tsiro a kai da gaske aka yi mata taki. Kano ba ta koma rigakafi ba sai a watan Yuli na 2004. Yaran da cutar ta shanye a Najeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006, cutar kuma ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Duk ma'aikaciyar rigakafin da aka taɓa rufe wa ƙofa a wani lungu na Jigawa ta biya wani kaso na bashin da ba ita ta ci ba.

Sai batun yarda. A ƙaddara wata mata ce ta taso daga Wurno da sassafe zuwa awon ciki. Ta yanki kati, ta zauna a benci har rana ta take, an auna ta. Sai wani mai farar riga ya matso da takarda shafi huɗu da Ingilishi, ya ce, "Baiwar Allah, za mu yi miki 'yan tambayoyi, mu ɗan ɗebi jini." Ta ce, "To, likita." Ta dangwala yatsa. Marubucin zai ce ga shi nan, takardar ba ta ƙara komai ba. Gaskiya ne, irin wannan takarda ba ta ƙara komai, domin ba a nemi yardar ba tukuna. Wannan "to" ɗin ta kunya ce da tsoron kada a ƙi duba ta gobe. Abin da ƙa'ida ke nema shi ne a faɗa mata da Hausa, ko da Fulatanci idan shi take ji, cewa wannan bincike ne, ba ya cikin maganinta, ga abin da za a yi da jininta, kuma idan ta ce a'a babu abin da zai ragu daga kulawar da za a ba ta. Idan ba ta karatu, a kira shaida wanda ba ya cikin masu binciken. Idan tana so ta shawarci mijinta a ba ta lokaci, amma yardar miji ba ta maye gurbin tata. Matar da ke iya yin cinikin akuya, ta riƙe lissafin adashi na mutum ashirin a ka, ita ce za a ce ba za ta gane bambancin gwaji da magani ba? Rashin boko dalili ne na a ƙara bayani. Ta yaya ya zama dalilin a daina?

A ƙaramin gari ma sirri ya fi saurin tonuwa. Likita zai rubuta rahoton wata cuta da ba a saba gani ba, ya sa hoton majinyaciya, ya ja baƙin layi a kan idanunta, ya ɗauka ya rufa mata asiri. Amma ya ambaci shekarunta, da sunan ƙauyensu, da yawan haihuwarta, ga kuma tsagar gidansu a kumatu. A birni mai mutum miliyan goma wataƙila ta ɓace. A Wurno ko Sara, ɗalibin jinya ɗaya mai waya ya isa. Idan lalurar irin yoyon fitsari ce ko cuta mai karya garkuwar jiki, aure na iya mutuwa a kan hoto guda. Shi ya sa mujallun kirki ke neman rubutacciyar yardar mai hoton kafin su buga.

Maganar sa sunan maigida kuwa, ba al'adar Hausa kaɗai ba ce, kuma inda aka gwada ta an ga ƙarshenta. A 1994 wani likitan mata a asibitin St George's na Landan, Malcolm Pearce, ya buga rahoton cewa ya ciro cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ya dasa shi a cikin mahaifa, matar kuma ta haihu lafiya. Duniya ta ɗauka. Da aka bincika, babu matar, babu jaririn. A cikin sunayen marubutan akwai shugaban sashensa, Farfesa Geoffrey Chamberlain, wanda shi ne editan mujallar da ta buga rahoton, kuma shugaban kwalejin likitocin mata ta Ingila. Bai ga majinyaciyar ba, an sa sunansa ne don girmamawa, shi kuma ya karɓa. Ya sauka daga kujerun biyu, an kuma soke sunan Pearce daga rajistar likitoci a 1995. Wannan shi ne ladabin da yaro ya yi wa maigidansa. Ƙa'idar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya shimfiɗa, wanda ya fara zama a Vancouver a 1978, a bayyane take: marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi idan an sami matsala. Wanda ya ba da ɗaki ko ya yi addu'a, akwai sashen godiya. Wani abin lura shi ne, wannan ladabi kullum sama yake hawa. Ba a taɓa jin an sa sunan nas ɗin da ta cike fom 300 ko ma'aikacin ɗakin gwajin da ya kwana kan madubin ƙara girma saboda ladabi ba. Sau da yawa ma nasu sunan ake cirewa don a sami gurbin oga.

Mafi haɗari a cikin da'awar marubucin ita ce daidaita alƙaluma ba ya cutar da kowa, tunda ba mai karanta ƙananan maƙalu. Yadda abin ke faruwa sananne ne. An tsara tambayar mutum 400, an samu 260, lokacin miƙa aiki ya matso. Sai a rufe ɗaki, a baje sauran takardun a kan tabarma, a ɗauko biro shuɗi da baƙi ana sauyawa don kada rubutun ya zama iri ɗaya. Kafin asuba an haifi mata 140, kowace da shekarunta da awon jininta. Ɗan kasuwar da ya zuba yashi a buhun riɗi a kasuwar Sara, kowa ya san sunan abin da ya yi: algus. Shi aƙalla mai saye zai iya zura hannu ya ji. Algus ɗin alƙaluma ba ya jin hannu. Kuma ba ƙaramar matsala ba ce. A wani nazari da Patrick Okonta da Theresa Rossouw suka buga a 2013, an tambayi masu bincike 133 a Najeriya, kusan kashi 69 cikin ɗari suka amsa da bakinsu cewa sun taɓa aikata aƙalla ɗaya daga cikin nau'o'i takwas na rashin ɗa'a. Waɗanda suka amsa ke nan.

Cewa ba mai karantawa kuwa, rashin sanin yadda ilimin likitanci ke tafiya ne. Ƙananan maƙalu ake tarawa wuri guda a fitar da hukunci, daga hukuncin a rubuta jagorar magani, daga jagorar a sayo magani a kai asibiti. Wani likitan sa barci na Jamus, Joachim Boldt, ya shekara da shekaru yana buga bincike masu yabon wani ruwa da ake ɗaura wa majinyata mai suna HES. A 2011 editoci suka janye maƙalunsa kusan 90 saboda babu shaidar amincewar kwamitin ɗa'a, daga baya kuma aka gano ƙirƙira a cikin aikinsa. A 2013 wasu masana suka sake tara binciken da aka yi kan ruwan, suka buga a mujallar JAMA: da aka cire na Boldt, sai ga shi ruwan yana ƙara yawan mutuwa. Alƙaluman mutum ɗaya ne suka rufe wannan gaskiya. A nan ma takardar kwamiti ce bakin zaren, wadda marubucin ke kira ɓata lokaci. Haka a watan Mayu na 2020 mujallar The Lancet ta buga nazarin majinyata sama da 96,000 daga asibitoci 671 kan amfani da dangin maganin kulorokwin ga masu korona, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da wani ɓangare na gwajinta. Cikin mako biyu aka janye shi, domin kamfanin Surgisphere da ya ce shi ke da bayanan ya kasa nuna su.

Sarƙar tana aiki ta ɗaya fuskar ma, kuma ƙarshenta ya iso Jigawa. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar, Men5CV, bayan ɓarkewar cutar da ta fi tsanani a Jigawa da Bauchi da Yobe. Daga cikin abin da aka dogara da shi akwai gwajin da aka yi a Mali da Gambiya a kan mutum 1,800, aka buga a New England Journal of Medicine a 2023. Uwar da ta miƙa damtsen ɗanta a wannan shekara ba ta taɓa jin sunan mujallar ba, amma lafiyar ɗanta ta rataya kan cewa wani likita a Bamako bai rufe ɗaki da biro biyu ba. Idan an halatta wa likitan Birnin Kudu daidaita alƙaluma saboda aiki ya yi masa yawa, da wace hujja za a hana na Bamako? Mali ta fi Najeriya yawan likitoci ne?

Satar fasaha ba ta buƙatar dogon bayani. Rubutu da harshen da ba na uwa ba yana da wuya, amma maganinsa a nemi mai gyara, a kuma ambaci mai magana idan an ɗauko maganarsa. Wanda ya saba ɗauko jimla ba izini, wata rana jadawalin sakamako zai ɗauko. Danginta shi ne buga aiki ɗaya a mujallu biyu, wanda ke sa a ƙirga majinyata ɗaya sau biyu, magani ya fito da ƙarfin da ba shi da shi.

Mujallun damfara kuwa, ƙofar da suka buɗe ta shagon karɓar kuɗi ce. A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi kan maganin daji, ya cusa mata kurakuran da ɗalibi ma zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Sunayen marubutan da cibiyoyin da ya ƙirƙira duk ya yi su da kamannin na Afirka, domin ya san idan an neme su a intanet an rasa ba wanda zai yi mamaki. Wannan ita ce martabar da irin waɗannan mujallu suka saya wa mai bincike ɗan Afirka. A 2019 wata kotun Amurka ta ci kamfanin OMICS na Indiya tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar masu bincike. Ba kuma gaskiya ba ne cewa babu wata ƙofa. Annals of African Medicine da Sahel Medical Journal daga Sakkwato suke, akwai Nigerian Medical Journal ta ƙungiyar likitoci ta ƙasa, dandalin African Journals Online kuma yana tara mujallun nahiyar tun 1998. Bambancin shi ne waɗannan suna aika aiki ga masana su tantance, suna iya mayarwa a gyara, suna iya ƙi. Wanda ke neman takardar karɓa cikin kwana uku, ba ƙofa aka rufe masa ba, ma'auni yake gudu.

Saura rufin asiri. A nan marubucin ya jingina da tarbiyyar Musulunci, kuma a nan ne ƙafarsa ta fi zamewa. Babu al'ummar da ta kai malaman hadisi tsanani wajen tantance mai ba da labari. Sun gina fanni sukutum, jarhu da ta'adili, domin bayyana wane ne amintacce, wane ne mai mantuwa, wane ne maƙaryaci, da sunansa da sunan mahaifinsa. Irin su Yahaya ɗan Ma'in da wannan aiki suka shahara. Ibnul Jauzi ya tara hadisan ƙarya a littafi guda domin a guje su. Har wanda ya ɓoye raunin isnadi ba tare da ya yi ƙarya ƙarara ba, an ba aikinsa suna, tadlisi. Akwai mutanen da suka ƙirƙiri hadisai da kyakkyawar niyya, don su kwaɗaitar da jama'a ibada, malamai ba su karɓi niyyar a matsayin uzuri ba. Imam Nawawi, a Riyadus Salihin da ake karantawa a zaurukan malamai daga Birnin Kudu har Katsina, ya lissafa sukar masu ruwaya da shaidu cikin wuraren da ambaton aibin mutum ba giba ba ne. Asirin da ake rufawa shi ne na laifin da ya tsaya tsakanin mutum da Ubangijinsa. Maƙalar ƙarya tana nan a fili ana karantawa, ana rubuta magani da ita. Asirin wa ake rufawa idan an bar ta, kuma a kan ran wa?

Jinkirin janyewa yana da farashi sananne. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda aka gina kan yara 12 ta kuma jefa shakku kan rigakafin ƙyanda, ta shekara 12 a The Lancet kafin a janye ta a 2010. Kafin nan iyaye da yawa a Ingila sun guji allurar, ƙyanda ta dawo. Janyewa kuma ba kullum take nufin laifi ba. Wani nazari na 2012 da ya duba maƙalu 2,047 da aka janye ya gano kimanin kashi 67 cikin ɗari saboda rashin ɗa'a ne, wani kaso mai yawa na sauran kuwa kuskure ne na gaskiya. Shi ya sa jagorar COPE, ƙungiyar ɗa'ar bugu da editoci suka kafa a 1997, ke neman sanarwar janyewa ta faɗi dalili, domin a bambanta wanda ya gano kuskurensa ya kawo kansa da wanda aka kama. Kafin a kai nan ma, ana fara tambayar marubuci, a saurari bayaninsa, a miƙa wa cibiyarsa ta bincika. Mutuncin da marubucin ke tsoron a zubar, tsarin ya tanadar masa kariya.

Matsayin da ya dace a tsaya a kai shi ne, ba a rage ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa saboda talauci ko yawan aiki, domin inda talauci ya fi yawa nan majinyaci ya fi rasa mai kare shi. Abin da ke buƙatar gyara shi ne abin da marubucin ya yi kuka da shi tun farko. Kwamitin da ke riƙe takarda wata shida shi ke koya wa matasa tsallake shi. Binciken da bai wuce duba tsofaffin fayiloli ba yana da hanyar duba ta gaggawa, a yi amfani da ita, a kuma sa wa kwamiti wa'adi. Hukumomin ƙarin girma su daina ƙirga, su karanta: a ce wa mai nema ya kawo ayyukansa biyar mafi inganci, ya zauna ya kare su. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da takwarorinta, inda matasan likitoci ke fara koyon bincike, su ne wuraren da horon ya kamata ya zauna, tun kafin a cike fom na farko. Gwajin magani a yi masa rajista kafin a ɗauki majinyaci na farko, kamar yadda manyan mujallu ke nema tun 2005, domin kada sakamakon da bai yi daɗi ba ya ɓace a cikin durowa. Editoci kuma su nemi lambar amincewar kwamiti da kwanan watanta, su gwada da ranar da aka fara tattara bayanai, idan sun yi shakka su tuntuɓi kwamitin kai tsaye, su kuma nemi ganin ainihin takardun tambaya da rajistar ɗakin gwaji. Wasiƙar Kano mai kwanan watan Maris 1996 ta yi shekaru tana yawo a matsayin hujja kafin a sami wanda ya tambayi asibitin ko yana da kwamitin.